Falle Huɗu daga Kaye na Shida

In aka tambaye ni wa ya koya mini rubutu, nakan ce malaman lakwal, wato makarantar boko, don a zauna lafiya. Gaskiyar magana kuwa, abin da na koya a hannunsu shi ne yadda ake karɓar sifili da fuska a sake. Sau biyu na zauna jarrabawar birebe, ta gama ƙaramar sakandare, a kwalejin Illela, Illela tamu ta jihar Tawa, ba ta bakin iyakar Najeriya ba, sau biyun kuma sunana ya ƙi fitowa a takardar da ake liƙawa a bango. Na biyun har mai gadin makaranta ya taya ni nema. Muka duba daga sama zuwa ƙasa, muka dawo daga ƙasa zuwa sama, har bayan takardar muka leƙa. Daga nan na naɗe tabarmata, na nufi tasha zan koma Badagishiri, garkar albasar mahaifina, inda ba a yi wa kowa tambaya da Faransanci.

Wadda ta koya mini rubutu yarinya ce da muka yi aji ɗaya. Ɗiyar malamin gona ce, wani mutumin Damagaram da gwamnati ta turo Illela. Ita ta ci jarrabawa, tana zaune gida tana jiran a kira ta makarantar horon malamai. Shekaruna ashirin a lokacin, ita tana bina da shekara guda. Shekara huɗu ina zaune bayanta a aji, har na haddace ƙeyarta fiye da taswirar Nijar, amma ban taɓa ce mata komai ba sai "ara mini bik", wato biro.

A tasha ta same ni ranar, ta zo rakiyar wata baƙuwarsu.

"Kai dai abin mamaki ne," in ji ta. "In kana ba da labari da Hausa duk aji sai ya riƙe ciki. Kana kama bik ka zama gawa. Me ya hana ka rubuta yadda kake magana?"

"Wa za shi karantawa?"

"Ni."

Motar da na shiga ta mutu sau biyu a hanya. An ce da ni aka tura ta. Ni dai ban sani ba, ina can cikin wannan "ni" ɗin.

Sharaɗi ɗaya ta sa mini, kada in rubuto wasiƙa. Babanta mutum ne da ba takardar da za ta shiga gidansa bai karanta ba, har wadda aka ƙunso tsire a ciki. Labari zan rubuta, a cikin kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ko ya gani ya ɗauka aikin makaranta ne. Lokacin salula ta fara shigowa, amma a wajenmu ta manyan dillalan albasa ce, su ma sai sun hau tudu suna ihu kamar masu kiran ɓataccen jaki. Don haka gidan wayarmu ya zama goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke kai kauɗa da busasshiyar kuɓewa kasuwar Illela kowane mako. Gidan malamin gona a wurinta suke sayen busasshen tumatirin nan, yarinyar ce kuma ake aikowa. Kaye ya tafi a ƙasan buhun kauɗa wannan kasuwa, ya dawo kasuwa mai zuwa.

Labarin na wata ɗiyar ma'aikaci ne da wani saurayi mai garkar albasa, kyakkyawa, mai ƙarfin mutum bakwai, mai hankalin alƙali. Kowa ya san ni ya san daga ina na kwaikwayo shi. Na cika shafi goma sha biyu a mako na farko, na zauna jiran amsar da za ta narkar da dutse.

Kayen ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. Jan bik ko'ina. A gefen shafi na ɗaya ta rubuta: "Ka ce yana sonta sau goma sha ɗaya. Na ji. To me ya ci da safe?" A wani wurin: "Ba mai yi wa uwarsa magana haka." A wani: "Idonta fitilar mota, haƙoranta fitilar mota, goshinta fitilar mota. Mutum ce ko babbar mota?" Kalmar da ta fi yawa kuwa ita ce "ƙarya". Ta ja layi ƙarƙashin jimla, ta rubuta "ƙarya", ta wuce.

Na yi fushi kwana biyu. Rana ta uku na sa saurayin ya sha kunu da sauran tuwon jiya, sai na ga ya fara numfashi.

Daga nan na zama wani iri. Na fara sauraren mutane kamar ɗan leƙen asiri: yadda dillali ke rantsuwa yana kallon wani wuri, yadda mata ke faɗa a bakin rijiya ba wadda ta kama sunan wata, yadda mahaifina ke cewa "to" iri shida kowace da ma'anarta. Da rana tsaka, in ya kishingiɗa ƙarƙashin dogon yaro, sai in shige inuwar rudu, rumbun karan da muke ajiye albasa, in ɗora kaye bisa gwiwa. Wata rana na bar injin ban ruwa yana aiki na tafi raka saurayina zance a shafi na arba'in. Da na ɗago, fangali uku sun zama tafki. Mahaifina ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Albasag ga ta koyi iyo," ya ce. "Saura kai ka koyi noma."

Tun daga ƙarshen damina har zafi ya fara, na cika kaye biyar. Ba ta taɓa rubuta mini kalmar so ba, ko sau ɗaya. Amma ni a ganina macen da za ta zauna ta bi rubutun mutum layi-layi, ta lura cewa akuyar da na kashe a kaye na biyu ta dawo tana kuka a na huɗu, ai ta wuce so, ta kai aure. Ranar da ta rubuta "madalla" a ƙasan wani shafi, na nuna wa goggo, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

"Wanga jan abin? Kamar sawun kaza."

"Goggo, yabo ne."

"In yabo na, mi ya sa anka yi shi da launin jini?"

A cikin bangon kaye na biyar ta rubuto saƙo mafi tsawo da ta taɓa yi mini. Ta ce labari ya kai inda dole yarinyar ta fuskanci ubanta. Uban zai ƙi saurayin don ba shi da takarda, ba shi da buro, wato ofis, ba shi da albashi. In rubuta mata abin da yarinyar za ta faɗa, maganar da uba ba zai iya tsallakewa ba, ba tare da rashin kunya ba, ba kuma da kuka ba. Ta ƙare da cewa: "Ka san irin uban."

Na karanta na zauna a ƙasa. Ba takarda, ba buro, ba albashi. In da an aika jandarma su kamo mai wannan kama a duk faɗin Illela, ni za su fara ɗaurewa. Na gane cewa ba labari ake nema ba, makami ake nema, kuma aurena ne ke rataye a bakin bik ɗina.

Uban kuwa na san shi, don yakan zo garake a kan moto, babur ɗin gwamnati, yana duba tsutsa da iri. Mako uku na zama inuwarsa. Na riƙe masa jaka, na ɗebo masa ruwa, na yi masa tambayoyi kan taki waɗanda ko albasar ta san amsarsu. Na lura ba ya son a roƙe shi, yana son a ce shi mai adalci ne. Na lura in zai ƙi abu sai ya cire tabarau ya goge. Na kuma lura duk inda ya zauna da manoma sai ya ba da labari ɗaya: shi ɗan majemi ne, ubansa ya kai shi lakwal da ƙarnin fata a hannu, yara suna toshe hanci. Yana faɗa yana dariya, amma muryarsa takan sauka a daidai nan.

A kan wannan na gina maganar. Na rubuta ta a kaye na shida, na aika. Ta dawo da ja: in cire albasa. Na cire. Ta sake dawowa: in cire garka da Badagishiri, in cire faɗuwa birebe sau biyu, in ce kawai bai gama lakwal ba. Dalilinta a gefe: "In kayen ya faɗa hannunsa, kada ya gane ko wane ne kafin lokaci." Na ce kai, wannan yarinya akwai hangen nesa. Na zauna da hannuna na goge kaina daga cikin maganar, layi bayan layi, ina murmushi. Zubi na uku ya fito tsaf, ba kitse, ba ƙarya ko ɗaya. Duka zubi ukun suna cikin falle huɗu na tsakiyar kayen. Ban kwafe a wani wuri ba. Wa ke ajiye kwafin abin da zai dawo mako mai zuwa?

Ranar da zan ba goggo, ta riƙe kayen ba ta sa a buhu ba.

"Ɗana, ni ban iya karatu ba, amma na iya kallo. Akwai wani ɗan Ƙonni, mai sai da isansi, man mota, cikin kwalabe bakin hanya. Duk kasuwa shina zuwa bisa sabuwar moto shi sayi tiya guda ta kauɗa. Gwauro na. Mi gwauro ka yi da tiya guda ta kauɗa kowane mako?"

"Wataƙila miya yaka so."

"Kuma ba ya son miyar sai lokacin da ɗiyar malamin gona ta iso."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce mata mai isansi ko sunansa ba zai iya rubutawa da jan bik a kusa ba. Ta dube ni yadda ake duban ragon da ke wasa da igiya ranar jajibiri, ta cusa kayen a buhu.

Mako ɗaya kaye bai dawo ba. Mako biyu, shiru. Goggo ta ce yarinyar ba ta zo kasuwa ba, uwar ce ke zuwa. Na ce ana can ana shawara. Na fara wanke ƙafa da dutse.

A mako na uku, muna tsakiyar cirar albasa, da hantsi, moton malamin gona ta tsaya a bakin shinge. Ba jaka a hannunsa, sai ƙunshin goro. Ya zauna da mahaifina a ƙarƙashin dogon yaro. Ni ina bayan rudu ina ware ruɓaɓɓu, kunnuwana kuwa sun riga ni isa wurin.

"Malam, ɗiyata zan aurar," in ji shi. "Kuma wallahi da na ƙi. Yaro ba takarda, ba buro. Na cire tabarau zan ce a'a, sai ta durƙusa ta ce in ba ta minti biyar. Ka san me ta ce mini? Ta ce, Baba, ranar da kakana ya kai ka lakwal da ƙarnin jima a hannunsa, da malamin ya ce ya tsaya waje, yau da kana ina? Ni ban ce ka ba shi ni ba, cewa na yi ka bar shi ya shigo zaure ya zauna."

Na ji yana jan hanci.

Maganata ce, har inda na sa numfashi. Na miƙe. Na goge hannu a wando, na gyara wuyan riga, na fara tunanin ko in fito ta dama ko ta hagu, wanne ya fi kama da suruki.

"Na bari ya shigo," ya ci gaba. "Yaron kirki. Ɗan Ƙonni ne, isansi yake sayarwa."

"Allah shi sanya alheri," in ji mahaifina, wanda bai san komai ba.

Na riga na fito, ba halin komawa. Malamin gona ya gan ni ya washe baki. "Ga abokin karatunta. Zo karɓi naka. Yarinyar da ba ta iya haɗa magana uku a gabana, ban san inda ta samo wannan hikima ba. Ina jin wajen uwarta ne."

Na durƙusa na karɓi goro da hannu biyu. Na ce Allah ya ba da zaman lafiya. Na kuma ci goron a gabansa, tas, don ya tsaya yana kallona. Na ci goro iri-iri a duniya, amma wannan har yau bai gama wucewa maƙogwarona ba.

Kasuwa ta gaba na bi goggo. Na zauna a bayan buhunanta kamar kayan da ba a saya ba. Wajen azahar yarinyar ta zo, da lalle a hannu, da baƙar leda. Ta gan ni ba ta ja da baya ba. Ta gaida goggo, ta ajiye ledar a gabana. Kaye na shida ne a ciki.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun kaye na biyu."

Ni ina tsammanin za ta ce na biyar. Na ma shirya yafe na biyar.

"Sau biyu na gwada yi wa Baba magana da bakina," in ji ta, "kuka ya hana ni. Kai ka iya, kuma ka san shi."

"Ai da kin gaya mini."

"Da na gaya maka, za ka rubuta ta haka?"

Na sunkuya ina kwance bakin ledar.

"Ban taɓa ce maka ina sonka ba," ta ce a hankali. "Duba kayen duka. Labarinka nake so, kuma da gaske nake sonsa."

"Gaskiya ne, ba ki ce ba. Amma kin sa na cire albasar. Kin san dalilin da na ɗauka, kika bar ni da shi, har kika ƙara mini wani."

Nan ta sunkuyar da kai. Wannan kaɗai na ci a shari'ar.

Na zaro kaye na shida don in ga abin da ta rubuta a ƙasan zubi na uku, ko "madalla" ce in samu ta guziri. Tsakiyar kayen wayam. An yage falle huɗu, sai guntayen takarda a jikin ƙarfen.

"Ina suke?"

"Na haddace na ƙona. Kada Baba ya gani."

"To faɗo mini in rubuta. Ga bik. Ba ni da wani kwafi."

Ta dubi kasuwa, ta dube ni. "Ba zan iya ba. Yanzu magana ce tsakanina da mahaifina."

Na yi zaton rasa ta shi ne ƙarshen zafi. Ashe akwai sauran wuri. Mako uku ina bin tsoho cikin rana ina shaƙar maganin ƙwari, zubi uku ina sassaƙa, a ce mini maganar gidan wasu ce, in ja gefe.

Ta juya wajen goggo ta ce a auna mata kauɗa. Goggo na zaune tsakanin buhu biyu cike har baki.

"Ta ƙare," in ji goggo.

"Inna, ga ta nan."

"Ta ƙare, ɗiyata. Gaida mutanen gida."

Ban je biki ba, na ce ciwon ciki. Na sayi kaye na bakwai na shigo da mai isansi cikin labarin don in kashe shi. Na kashe shi sau huɗu. Na faɗa da shi rijiya, na sa raƙumi ya zauna a kansa, na sa motonsa ta bi ta kansa ta dawo ta sake bi. Ba wanda zan aika wa. Sai na tsinci kaina a kanti ina sayen jan bik, na dawo inuwar rudu na karanta abin da na rubuta, hannuna da kansa ya ja layi ya rubuta "ƙarya". Sau huɗu. Wato ta tafi da aurena, ta tafi da falle huɗuna, ta kuma bar mini muryarta a ka tana aiki kyauta.

Da na rasa mai karatu, na fara karanta wa masu garka a lokacin hutun rana. Suka saurari kaye shida cikin kwanaki, suna gardama, suna jifan juna da bawon albasa. Da muka zo wurin da aka yage, suka ce in faɗa da ka. Na faɗi jimla biyun da na ji a bakin malamin gona, na tsaya. Sauran sun gudu. Na san akwai maganar zaure, akwai wani abu kan tabarau, akwai wata jimla ta ƙarshe da na rubuta, amma ko kalmarta ta farko ban kama ba. Wani tsoho ya ce in dai yarinyar ta faɗi haka, ai ko wane ne saurayin a ba shi. Na ce masa ai an ba shi.

Tun daga nan ban daina rubutu ba. Na yi wasannin rediyo, na yi labarai, wasu har an yaba. Maganar nan kuwa na sake rubuta ta ya fi sau ɗari, in ban ƙara ba. Kowane zubi in na karanta sai jan bik ya yi tsalle.

Bayan shekaru, na haɗu da ita a tashar Malbaza. Ta zama malamar lakwal, da ɗiya a hannu, tana jiran motar Ƙonni. Ni kuma na yi tumbi na yi iyali, ba abin da ya rage na riƙo sai abu ɗaya. Muka gaisa, muka tambayi mutanen gida, ta ce goggo har yau ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Na ce mata falle huɗuna fa.

"Haba, ai na manta tuni," in ji ta tana dariya.

"Ko kaɗan? Bari in tuna miki. Ranar da kakana ya kai ka lakwal da ƙarnin jima a hannunsa, da malamin ya ce ya tsaya waje..."

"Ya jira a bakin ƙofa," ta ce. "Baba ne ya mayar da ita tsaya waje. Kai bakin ƙofa ka rubuta, kuma ya fi."

Muka dubi juna. Na laluba aljihu na fito da bik, na miƙa tafin hannuna don ba takarda kusa. Ta ja ɗiyarta, ta ce motarsu ta cika, in gaida iyali.

Na rubuta "bakin ƙofa" a tafin hannun, don kada ita ma ta gudu. Kalma biyu ke nan na ƙwato. In lissafina daidai ne, da irin wannan saurin, zan gama karɓo falle huɗuna ina da shekara ɗari tara.